Mutum uku, suna ɗaya: wanne ne kakan?

Ka ce matar nan ta Sidni, a Ostareliya, da ta ba mu aikin binciken asalinta ta ji a bakin manyanta cewa kakan kakanta fursuna ne da aka kwaso daga Ingila, ka buɗe rajista ka tarar da mutum uku masu sunansa sak, kana tambayar wanne za ka rubuta mata. Ɗana, kada ka rubuta ko ɗaya tukuna. Inda ya kamata ka ƙare ne ka fara.

Daga 1788, da jiragen ruwa 11 na farko suka sauke mutane a Sidni, zuwa 1868 da jirgin Hougoumont ya kai na ƙarshe Fremantle, fursunoni wajen 162,000 aka kai Ostareliya, mata kusan 25,000 a ciki. A taro irin wannan suna kaɗai ba ya fitar da mutum. Akawunan gwamnatin wancan zamani sun san haka, shi ya sa duk inda suka rubuta sunan fursuna sai sun haɗa da sunan jirgin da ya kawo shi, kamar yadda mu muke haɗa sunan mutum da na mahaifinsa. Jirgin nan kake nema, da shekarar isowarsa, domin jirgi ɗaya kan yi sawu biyu ko uku, kowane sawu da mutanensa.

Koma wurin matar. Karɓi takardar haihuwarta, ta auren iyayenta, ka riƙa hawa tsara bayan tsara, kada ka tsallake ko guda. A New South Wales, yankin da Sidni take, gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a 1856, kuma takardar mutuwa ta can tana faɗin garin haihuwar mamaci da yawan shekarun da ya yi a ƙasar. Ka ɗebe shekarun daga shekarar mutuwa, ga lokacin isowa ya fito. Amma ka bar sarari na shekara biyu ko uku gaba da baya, don wanda ya ba da bayanin ɗa ne ko maƙwabci da ke cikin jimami, kuma gidaje da yawa sun daɗe suna ɓoye wannan asali saboda kunya.

Takardar da ta fi raba gardama ita ce ta neman izinin aure. Fursunan da wa'adinsa bai cika ba sai ya nemi yardar gwamnati kafin ya yi aure, kuma a rajistar za ka ga sunansa, shekarunsa, jirginsa, tsawon hukuncinsa, da sunan wadda zai aura. Sunan matar kakan kuwa ka riga ka same shi daga hawan da ka yi. In cikin mutum ukun ɗaya ne ya nemi auren mace mai wannan suna, rabin aiki ya ƙare. In sun zo da wuri, duba ƙidayar 1828 ta New South Wales. Tana jera mutanen gida tare da jirgi da shekara, da haruffan da ke nuna matsayin kowa: CF wanda ya zo da 'yancinsa, BC haifaffen can, TL mai takardar sassauci, wato izinin yi wa kansa aiki kafin wa'adi ya cika, FS wanda ya gama wa'adinsa, CP mai afuwa bisa sharaɗi.

Shekaru ma suna korar wasu. An dakatar da kai fursunoni New South Wales a 1840, Tasmaniya ta ci gaba da karɓa har 1853, Yammacin Ostareliya kuwa daga 1850 zuwa 1868, kuma maza zalla. Ka tuna fa, bayan an gano zinariya a Victoria a 1851, tsofaffin fursunonin Tasmaniya da yawa sun tsallaka can, wasu da sabon suna. Mutumin da ya ɓullo a Melbon ta Victoria ba a san ta inda ya shigo ba, nemo shi a Hobart, babban birnin Tasmaniya.

Da jirgi ya samu, sai jerin sunayen da aka rubuta ranar saukarsa. Na farko-farko ba su da nama: suna, kotu, rana da hukunci kawai, shekara 7 ko 14 ko rai da rai. Na baya sun ƙara shekaru, addini, sana'a, garin asali, ko ya iya karatu, tsawo, launin gashi da ido, tabo, da zanen allura da tawada a jiki. Kada ka raina zanen nan. Haruffan da mutum ya zana a damtsensa sau da yawa farkon sunayen matarsa ne ko iyayensa. A Tasmaniya akwai littattafan hali, CON31 da CON33 na maza, CON40 da CON41 na mata, inda aka rubuta duk ubangidan da aka tura shi da duk bulalar da ya sha. Karanta su a natse, mutum ne aka yi wa haka.

Gwada lissafi kuma. A ƙa'ida mai hukuncin shekara 7 kan nemi takardar sassauci bayan 4, mai 14 bayan 6, mai rai da rai bayan 8. In mutuminka yana da gonar kansa shekara ɗaya da saukarsa, ka sake dubawa, wataƙila mai sunansa ne.

Yanzu ne za ka tsallaka teku. A ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew a Landan, jerin takardu mai lamba HO 11 zai ba ka kotu da ranar shari'a, HO 27 laifin, HO 9 zamansa a tsofaffin jiragen da aka mayar kurkuku, ADM 101 kuma littafin likitan jirgi. In a kotun Old Bailey aka yi shari'ar, bayaninta na intanet kyauta. Mafi daraja a wurinmu su ne takardun koke na HO 17 da HO 18, domin uwa ce ko mata ko limamin coci ke rubutawa, da suna da unguwa. Wurin shari'a dai ba lallai ne garin haihuwa ba, mutane na yawon neman aiki.

In jirgin daga Dabilin ko Cork na Ayalan ya taso, kada ka ɓata lokaci a HO 11, ba a can aka rubuta su ba. Rajistar Ayalan ta kafin 1836 ta ƙone a gobarar 1922 a Dabilin, sai ka dogara da takardun Ostareliya da koke-koken da suka tsira da jaridun lokacin.

Wani abu kuma da za ka iya cin karo da shi: fursunan ya sauka a matsayin mai mata da 'ya'ya biyu, bayan shekara takwas ya yi aure a matsayin gwauro. Hakan ya faru da yawa. Ka rubuta wa matar ta Sidni abin da takardu suka nuna, cikin ladabi, ba ƙari ba ragi.

Gobe da safe ka ja layi uku a takarda, kowane mutum da gurbinsa: jirgi, shekarar isowa, shekarun haihuwa, garin asali, sana'a, sunan mata. Ka kuma aika wa matar ta turo takardar mutuwar kakan. Wanda abu uku suka dace da shi, ban da suna, shi za ka kawo mini mu duba tare.