Me ya sa wasan macijina ba ya motsi sai na danna Enter?

Tambaya: Wata uku ke nan da na fara koyon Python, harshen rubuta shirin kwamfuta, kuma ina ƙoƙarin rubuta wasan maciji da harufa zalla, ba tare da hoto ba. Matsalata ita ce macijin ba ya motsawa sai na rubuta harafi na danna Enter, sannan allon yana ta ƙiftawa duk lokacin da aka sake zana shi. Ko Python ɗin ne bai dace da irin wannan aiki ba?

Amsa: Python ba shi da laifi, umarnin input da kake amfani da shi ne bai dace ba, domin an gina shi ne ya tsayar da shirin cak har sai mutum ya gama rubutu ya danna Enter. Hakan daidai ne a wasan cankar lamba, inda kwamfuta ce take jiran ɗan wasa, amma a wasan maciji lokaci yana tafiya ko an taɓa maɓalli ko ba a taɓa ba.

Abin da kake bukata shi ne zagaye guda ɗaya da zai riƙa maimaituwa kamar sau 10 a daƙiƙa, kuma a kowane juyi ya leƙa ko an danna maɓalli ba tare da ya jira ba, ya matsar da maciji taki ɗaya, ya duba ko ya yi karo, sannan ya zana allo. Kayan aikin da ya fi sauƙaƙa wannan shi ne curses, wanda aka fara rubuta shi a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, kuma da shi aka gina wasan Rogue a 1980. Shi curses yana zuwa tare da Python a Linux da macOS, a Windows kuwa sai ka sauke windows-curses ta hanyar pip, manhajar sauke ƙarin kayan aikin Python. Idan ka sa timeout, wato iyakar lokacin jira, a kan 100, umarnin getch mai karanta maɓallin da aka danna ba zai jira fiye da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, in ba a danna komai ba ya dawo maka da -1, macijin kuma ya ci gaba da tafiya inda ya fuskanta. Sai dai da zarar an danna maɓalli getch yana dawowa nan take, saboda haka mai riƙe maɓalli zai ga macijin ya ƙara gudu, kuma maganin wannan shi ne a riƙa auna lokaci da time.monotonic kafin a yi kowane taki.

Ƙiftawar allo kuma yawanci daga kiran umarnin share allo, cls ko clear, ta os.system take zuwa, domin ana share komai kafin a sake rubutawa, ido kuma yana kama wannan giɓin. Shi curses yana tuna abin da ke kan allo, ya aika wuraren da suka sauya kawai, muddin umarninsa na erase ka kira, ba nasa clear ɗin ba.

Inda na fi son ka mai da hankali shi ne kada ka ɗauki allo a matsayin wasan. Macijin jeri ne na gurabe a cikin shirinka, kowane gurbi da lambar layi da lambar ginshiƙi. A ce jikinsa yana layi na 5, ginshiƙai 10 da 9 da 8, yana fuskantar dama: sai ka ƙara sabon kai a ginshiƙi na 11, ka cire wutsiyar da ke na 8, shi ke nan ya yi tafiya. Idan abinci ya ci, ba ka cire wutsiyar, da haka ya ƙara tsawo. Karo ma a jerin ake gane shi, wato idan gurbin sabon kan yana cikin jikin ko ya fita iyaka. Ka kuma hana shi juyawa baya kai tsaye, in ba haka ba zai ci wuyansa a taki na farko, kuma duk abincin da random, mai zaɓar gurbi da ka, ya ajiye a kan jikinsa a sake zaɓar masa wuri.

Akwai ƙananan tarkuna da kusan kowane sabon shiga yake faɗawa. A curses lambar layi ce take gaba, ta ginshiƙi a baya, akasin yadda aka saba a darasin lissafi, kuma layi na 0 shi ne na can sama. Rubuta harafi a kusurwar ƙasa ta dama da addch yana jawo kuskure, don haka ka bar wannan gurbin. Ka fara shirin ta curses.wrapper, domin idan ya faɗi a tsakiyar wasa tagar umarni ta koma daidai ka iya karanta saƙon kuskuren. Za ka kuma lura macijin ya fi sauri idan yana hawa ko sauka, saboda tsayin harafi ya kusa ninka faɗinsa, kuma masu son daidaita hakan sukan zana kowane gurbi da harufa biyu a jere.

Shawarata ita ce ka ajiye macijin tukuna, ka sa alamar @ guda ɗaya ta riƙa tafiya da kanta a fili mai layi 20 da ginshiƙi 40, kana juya ta da maɓallan kibiya. Ranar da ta yi tafiya lafiya ta kuma tsaya a bango, sai ka mayar da gurbinta ɗaya ya zama jeri mai gurabe uku.