Tambaya da Amsa: Dawakin Hawan Daushe sun fito min dishi-dishi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yayana ne ya bar min kyamararsa Canon ta hannu mai gilashin gaba (lens) 18-55, sai na bi abokaina masu ɗaukar hoto muka je Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, wallahi nasu hotunan tar-tar amma nawa dawakin duk dishi-dishi, fuskokin mahaya kuma baƙi ƙirin alhali da sauran rana. A oto na bar ta tunda ban iya komai ba. Kyamarar ce ta tsufa ko laifina ne? Daga wani ɗalibi a Gwale, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kyamararka lafiyarta ƙalau, kar ka yarda wani ya zuga ka wai sai ka sayi sabuwa. Matsalar oton nan ce, ita kyamara haske kawai take aunawa, ba ta san doki ne a guje a gabanta ba, kuma ka ga Hawan Daushe da yamma ake yi, rana na yin sanyi sai ta rage saurin shota, wato saurin buɗewa da rufewar ƙofar da haske ke shiga, da kanta don haske ya ishe ta, ta koma kamar 1/60 na daƙiƙa (sakan), to a wannan ɗan lokacin doki ya riga ya bar inda yake, shi ne dishi-dishin da ka gani.

Abin da zaka yi, juya maɓallin saman nan zuwa Tv, masu Nikon nasu S ne. A nan kai ne ke zaɓar saurin shota, kyamara ta ji da sauran. In ana tafiyar ƙasaita a hankali 1/500 ta isa, amma lokacin jafi da mahaya ke sukuwa su ja linzami a gaban sarki, kar ka sauka ƙasa da 1/1000. In hoton ya fara duhu ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, daga 100 zuwa 400, dab da magariba ma har 1600 ba laifi. Eh zai ɗan yi tsakuwa-tsakuwa, amma gara wannan da hoton da ba a gane kan doki da wutsiyarsa. Fokos ɗin kuma, wato abin da ke sa hoto ya fito tar, ka sa shi a saitin da ake kira AI Servo, ka danna maɓallin ɗaukar hoto rabi kana bin dokin, zata riƙa gyara kanta yana matsowa.

Batun baƙin fuska, wannan fararen rawuna da manyan riguna ne suka ruɗi kyamarar, ta ga fari ya yi yawa sai ta rage hasken hoton gaba ɗaya, fuska ta nutse. Nemi alamar +/- ka ƙara zuwa +1, ka ɗauka ka duba. Sannan ka lura da inda ka tsaya, in rana na bayan mahayi fuskarsa a inuwa take komai ka yi, ka samu wajen da rana ke bayanka kai.

Ƙura fa, don Allah kar ka cire gilashi a tsakiyar filin nan, kuma kar ka goge shi da bakin riga, yashi zai karce shi. Ɗan famfon roba na hura iska da ƙyalle mai laushi sun wadatar.

Shawarar da na fi so ka riƙe ita ce kar ka jira wata Sallar kafin ka gwada. Je filin ƙwallon unguwarku da la'asar, ka nemi izinin samarin, ka ɗauki mai gudu ɗaya a 1/60, ka sake a 1/250, ka sake a 1/1000, ka jera su ka kalla. Ka maimaita har yatsanka ya san inda maɓallin yake ba sai ka duba ba, don ranar hawa ga turereniya ga ƙarar bindigogi, ba zaka samu damar laluben saiti ba.