Tuffar Ɗan Chana a Jajibirin Kirsimeti

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari. Akwai wani ɗan Chana da maigidana ke sarin atamfa a wurinsa. Ranar 24 ga Disamba na je sito ɗauko kaya, sai ya miƙo mini tuffa ƙwaya ɗaya, an naɗe ta a takarda mai ƙyalli har da ɗaurin jan zare. Na karɓa don kunya, amma abin ya tsaya mini a rai. Shin mutanen Chana Kiristoci ne? Me ya haɗa tuffa da Kirsimeti?
Daga wani mai karatu, Fagge, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina fatan dai ka cinye ta kafin ta ruɓe, don yadda tuffa ta yi tsada a 'Yan Lemo yanzu, asararta ba ƙarama ba ce.

Sau biyu Disamba ta riske ni a birnin Guangzhou na Chana ina raka 'yan kasuwarmu sayayya, kuma ni ma tuffar nan ce ta fara ɗaure mini kai. Ashe wasan harshe ne. A yarensu daren jajibirin Kirsimeti sunansa "Ping'an Ye", wato daren zaman lafiya, tuffa kuma "pingguo". Ka ji bakin kalmomin ya zo ɗaya? Shi ke nan fa. Wanda ya ba ka tuffa a ranar, fatan zaman lafiya yake yi maka, kamar yadda dattijo zai miƙa maka goro. Turawan da suka kai musu bikin ba su san wannan al'ada ba, Sinawa ne suka ƙirƙiro abarsu. Dama su akwai su da camfin sauti: suna gudun lamba 4 don ta yi kama da kalmar mutuwa, suna rububin 8 don ta yi kama da arziki. Shi ya sa suka buɗe wasannin Olamfik na Beijing ranar 8 ga watan 8 na 2008.

Batun addini kuwa, galibinsu ba Kiristoci ba ne. A 2018 gwamnatinsu ta ce akwai 'yan Furotesta miliyan 38 da 'yan Katolika miliyan 6, a ƙasar da mutanenta suka kai biliyan 1.4. Masu bincike na waje na ganin sun fi haka, tunda wasu a gidaje suke ibada ba rajista. Ko ma yaya aka lissafa, 'yan tsiraru ne. Ranar 25 ga Disamba kowa na bakin aikinsa, banki a buɗe, yara na makaranta. Hutu sai a Hong Kong, wadda ta fita daga hannun Ingila a 1997, da Macau da Fotugal ta miƙa a 1999.

Abin da na gani da idona harkar kasuwa ce da ta samari. Manyan kantuna sun sha fitilu, 'yan mata masu jiran shago sun kafa jar hula, an rage farashi, saurayi ya riƙo hannun budurwarsa za su cin abinci. Shi kansa tsohon nan na Kirsimeti mai farin gemu, wanda suke kira "Shengdan Laoren", sau da yawa da abin busa na Turawa za ka ga an yi mutum-mutuminsa, ya manna shi a baki kamar mai algaita. Na bi ta gaban babban cocin dutse na Guangzhou, wanda aka gama gininsa a 1888. Masu ibada na ciki, har da 'yan Najeriya, a waje kuma cincirindon masu ɗaukar hoto da waya ne. Tsofaffi ko a jikinsu. Akwai ma masu ƙyamar abin, suna cewa baƙon biki ne. A 2018 hukumomin birnin Langfang sun hana kafa kayan adonsa a tituna da kantuna.

Abin dariyar, mafi yawan kayan adon Kirsimeti na duniya a garin Yiwu na Chana ake yin su. Bishiyar roba da ƙyallin da kake gani a Sabon Gari, da wuya ba daga can suka taso ba.

Hukuncin karɓar kyautar fagen malamai ne, ka tuntuɓi limamin unguwarku. Ni abin da zan ja kunnenka a kai shi ne sabuwar shekararsu ta lissafin wata, "Chunjie", wadda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Ita ce sallarsu ta gaskiya. Ka san yadda Sabon Gari ke yin fayau a ƙarshen Disamba idan 'yan kudu sun cika manyan motoci sun tafi gida? To ka ninka shi sau dubu. Masana'antu na rufewa na makonni, ana raba wa yara kuɗi a jan ambulan irin barka da sallarmu, mutuminka ma wataƙila ya garƙame siton ya yi gida. Ka gaya wa maigidanka, in yana da odar atamfar da yake so ta iso a kan kari, ya tura kuɗinsa tun kafin Janairu ta raba.