Zakin dutse a ƙofar gida: amsoshin wasiƙunku

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. 'Yata tana aure a jihar Kolorado ta Amurka. Kwanan baya ta turo mini bidiyo daga kyamarar ƙofar gidansu: wata ƙatuwar mage ce, ruwan ƙasa, mai doguwar wutsiya, tana wucewa ta gaban motarsu da asuba kamar gidan ubanta. Mijin sai dariya yake, wai an saba. Jikokina biyu ƙanana ne, tun ranar ban yi barcin kirki ba. Zaki ne? In matsa musu su tashi daga unguwar?
(Wata kaka daga Gwammaja, Kano)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ranki ya daɗe, kwantar da hankalinki, amma ki ja wa surukin naki kunne, don ba abin dariya ba ne.

Abin da kika gani shi mutanen can suke kira zakin dutse, wasu su ce kuga, wasu fuma. Sunan ne kawai na zaki. Ba shi da geza, ba ya ruri, ba ya yawo a garke. In ya ji daɗi ma ƙugi yake yi irin na kyanwar gida idan ana shafa ta. Babban namiji yakan kai kilo 60 zuwa 70, macen ba ta kai haka ba. Yana nan tun daga arewacin Kanada har kudancin Cile da Ajantina, kuma a Kolorado kaɗai hukumar namun daji ta ƙiyasta akwai tsakanin 3,800 da 4,400. Abincinsa barewar ƙasar, kusan guda a mako ko kwana goma. Duk unguwar da barewa ke shigowa tana cin furannin tsakar gida, to mai cin barewar ma yana tafe a baya.

Na yi shekaru ina aikin dabbobi a gindin duwatsun jihar nan, sau ɗaya tak na gan shi da idona, shi ma wutsiyarsa ce na gani tana shigewa duhuwa. Shi kuwa Allah kaɗai ya san sau nawa ya gan ni. Tun daga 1890 zuwa yau, mutanen da ya kashe a Amurka da Kanada gaba ɗaya wajen talatin ne. Karnukan gida sukan kashe fiye da haka a Amurka cikin shekara guda. Sai dai cikin waɗanda yake kai wa hari yara suna da yawa, don haka ba zan ce miki babu komai ba.

Ga saƙon da za ki ba 'yar taki. Kada yaran su yi wasa a waje su kaɗai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, lokacin farautarsa ke nan. Kada su zuba wa barewa abinci don sha'awa, kuma a sassare ciyayin da suka yi duhu kusa da gida. In an yi kiciɓis da shi, ba a gudu. Kin san halin kyanwa da zare, abin da ya ruga shi take bi. A tsaya, a fuskance shi, a ɗaga hannuwa ko a buɗe riga don a ƙara girma a idonsa, a yi magana da ƙarfi, a ɗauki yaro ba tare da an juya masa baya ba, a ja da baya sannu a hankali. In har ya kawo farmaki, a dake shi da duk abin da hannu ya samu. Mutane sun ƙwaci kansu da sanda da dutse. Tashi daga unguwa kuwa, ban ga dalili ba.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina zaune a gabas da Sakaramento a jihar Kalifoniya, ina ɗan kiwon awaki da tumaki da nake sayar wa 'yan'uwa Musulmi lokacin layya. Cikin wata biyu zakin dutse ya kashe mini akuya uku. Maƙwabcina Bature ya ce laifin mutanen birni ne da suka hana farautarsa, wai da ana harbinsu da sun ji tsoron mutum. Ni dai na fara ganin gaskiyarsa. Mene ne amfanin dokar da ta fifita naman daji a kan dukiyar mutum?
(Wani ɗan'uwa mai kiwo, Kalifoniya)

Amsa: Ƙanena, Allah ya mayar maka da alheri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba zan zauna a kujera in ce maka akuya uku ba komai ba ce. Na taɓa tsayawa inda ka tsaya.

Wata safiya cikin hunturu wata dattijuwa mai kiwo ta kira ni, ta ce tunkiyarta ta ɓace, babu jini, babu alamar kokawa. Muka bi sawu a kan dusar ƙanƙara. Sawun zagayayye ne, ya kusa tafin hannuna, kuma babu alamar farce, don shi yana maƙale faratansa in yana tafiya. Na kare kullum da farce. Gefen sawun ga wata doguwar shara, inda aka ja abu mai nauyi. Ba mu yi taku ɗari biyu ba muka same ta a ƙarƙashin wata bishiya, an lulluɓe ta da ganye da ƙasa da ƙanƙara kamar an yi mata makara. Ya fige gashin haƙarƙarin, ya cire tumbin ya ajiye gefe, ya ci hanta da zuciya, ya adana saura don gobe. Dattijuwar ta dube ni ta ce shingenta ya fi ni tsawo. Na ce mata wannan dabba tana iya tsalle daga ƙasa ta dira kan reshen da ya fi mita huɗu. Shingen da ba shi da rufi, a wurinsa kwano ne aka zuba masa abinci.

Yanzu ga tarihin dokar da maƙwabcinka ke zagi. Daga 1907 zuwa 1963 gwamnatin Kalifoniya lada take biya a kan kowane zakin dutse da aka kashe, kuma an kashe fiye da 12,000 ta wannan hanya. Daga baya ra'ayi ya juya. An dakatar da farautarsa daga 1972, kuma wanda ya sa hannu a dokar shi ne Ronald Reagan yana gwamna, mutumin da ba wanda zai kira maƙiyin masu bindiga. A 1990 jama'a suka kaɗa ƙuri'a suka mai da hanin na dindindin, a 1996 aka nemi warware shi, suka ƙi. Abin da aka hana shi ne farautar nishaɗi. Wanda aka yi wa ɓarna yana da haƙƙin kai rahoto ga hukumar namun daji ta jiha, su zo su duba gawar, su ba shi takardar izini, ko da yake sau da yawa sukan ce a fara gwada kora da gyaran turke kafin a kai ga harbi. Saboda haka in ya sake kashe maka, kada ka binne gawar, ka ɗauki hoto ka kira su a ranar.

To, shin farauta za ta tsare awakinka? A nan ne na rabu da maƙwabcinka. Tun shekarun 1960 wani masani mai suna Maurice Hornocker ya bi waɗannan dabbobi a dazukan Aidaho, ya nuna cewa kowane babba yana da yankinsa da yake riƙewa. Tsohon namiji yakan mallaki ɗaruruwan murabba'in kilomita, ya kori samari daga ciki, wani lokaci ya kashe su. Shi ya ƙware a kamun barewa, ya san inda mutum yake ya kauce masa, abin da ya sa ya tsufa ke nan. Kuma shi maharbi yake nema, don ƙaton kai da faffaɗar fata. Da ya faɗi, sai samari biyu ko uku su shigo gadon fili, marasa wayo, masu yunwa, waɗanda akuyar da ke ɗaure ta fi musu barewa sauƙi. Robert Wielgus da abokan aikinsa a jami'ar jihar Washinton sun bi lissafin shekaru, suka ga inda aka tsananta farauta, koke-koken mutane da ɓarnar dabbobi ƙaruwa suka yi a shekarar da ta biyo baya. Akwai masana da ke jayayya da girman wannan sakamako, amma ya yi daidai da abin da na gani: yawancin masu shiga turke matasa ne ko uwa mai 'ya'ya. In kuma aka harbi uwa, an bar marayu, don 'ya'yan sukan bi ta fiye da shekara kafin su iya ciyar da kansu.

Ban ce maharba ba su da hujja ba. Tun 1937 akwai harajin da ake ɗorawa a kan bindigogin farauta da harsasai a Amurka, da shi da kuɗin lasisi ake biyan mafi yawan aikin kula da namun daji na jihohi. Mutanen da suka fi kowa sanin sawun zakin dutse su ne masu karnukan farauta, har masu bincike su suke ɗauka in za su kama shi su sa masa na'ura a wuya. Yadda ake yin farautar kuwa, karnuka ake saki su bi ƙanshi har ya haye bishiya, maharbi ya iso a ƙafa ya harbe shi daga ƙasa. Masu suka suna cewa wannan ba jarumtaka ba ce. Maharban suna cewa da yake yana kan reshe suna iya duba ko mace ce su ƙyale ta. Jihohin Oregon a 1994 da Washinton a 1996 sun hana sakin karnuka don farautar nishaɗi. Kolorado ta kai maganar hana farautar gaba ɗaya gaban masu ƙuri'a a watan Nuwamba 2024, kusan kashi 55 cikin ɗari suka ce a'a, aka ci gaba da kashe wajen 500 a shekara bisa ƙa'ida. A Tekzas kuwa babu ma lokacin da aka rufe farautarsa.

Su ma mutanen birni ba su tsira daga bakina ba. A Los Anjalis an yi wani zakin dutse da masu bincike suka laƙaba wa P-22, wanda ya tsallake manyan tituna biyu ya zauna a wani ɗan daji cikin birni daga 2012 har aka yi masa allurar mutuwa a Disamba 2022, bayan mota ta buge shi ga tsufa ga cuta. An yi masa taron makoki, dubban mutane suka je. A 2022 sun fara gina wa namun daji gada a kan babban titi a yammacin birnin, wadda aka ƙiyasta a lokacin za ta ci kusan dala miliyan 90, kuma aiki ne mai kyau. Amma ƙaunar zaki daga bene ba wuya. A watan Maris 2024, a gundumar El Dorado da ke kusa da kai, zakin dutse ya far wa wasu 'yan'uwa biyu, ya kashe babban, saurayi ɗan shekara 21. Shi ne kisa na farko a jihar cikin shekara 20, amma je ka faɗa wa iyayensa lissafi. Wanda ya taɓa mutum, ko ya mai da turke kasuwarsa duk da an gyara, ni ina goyon bayan a harbe shi, shi ɗin, ba wani da ke can bayan dutse yana cin barewarsa ba.

Kai kuwa aikinka na wannan mako shi ne ɗaki. Ka yi wa dabbobin ɗakin kwana mai bango huɗu da rufin kwano ko ragar ƙarfe mai kauri, ba tazarar da kai zai shiga, ƙofa mai sakata. Ka shigar da su kafin magariba, kada ka sake su sai rana ta fito sosai. Kada ka ɗaure akuya a bakin daji, kuma ka kwashe mahaifa da mushe nan take, ƙanshinsu kira ne. In garken ya ƙaru, ka nemi manyan karnukan gadi irin waɗanda ake raino tare da tumaki tun suna 'yan kwikwiyo. Dattijuwar nan ta yi rufin, ta yi ta mitar kuɗin katako, kuma har na bar garin ba ta sake kirana a kan wannan ba.

Tambaya: Baba Likita, ni ɗalibi ne. Na ji ana cewa su a Amurka zakinsu yawa yake yi har suna gardama. Mu namu na Yankari fa?
(Wani ɗalibi daga Bauchi)

Amsa: Ɗana, su ma ba ko'ina ba. A gabashin Amurka an ƙarar da shi tun tuni, sai 'yan kaɗan a kudancin Filorida, waɗanda suka taɓa komawa 20 zuwa 30 har sai da aka kawo musu mata takwas daga Tekzas a 1995 don jininsu ya sabunta. Inda ya farfaɗo a yamma, abu biyu ne suka taimaka: an daina biyan lada a kan kansa, kuma barewa ta dawo ta yi yawa.

Namu zaki ne na gaske, kuma halin da yake ciki ya fi tsanani. Binciken da aka fitar a 2014 ya ƙiyasta saura kusan 400 a duk Afirka ta Yamma, mafi yawansu a dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso. A Najeriya ba su kai 50 ba, a Yankari da dajin Kainji. Gona ta ci daji, an farauce namun da yake ci, in ya juya kan shanu a zuba guba a mushe, ta kashe shi ta haɗa da kura da ungulu. Kai da kake kusa, in ka samu hutu ka je Yankari, ka tambayi masu gadin dajin yaushe rabon da su ji rurinsa da dare, ka rubuto mini abin da suka ce.