Tambayi Likita: Gawayi, gishiri da man suya a madafin gida

Tambayoyin wannan mako kusan duk daga madafi suka fito, kuma na ji daɗin hakan. Abincin da uwa ta dafa da hannunta ya fi na titi aminci nesa ba kusa ba, sai dai akwai ƙananan ɗabi'u da ke kai iyali asibiti ba a ankara ba.

Assalamu alaikum Likita. A tukunya nake gasa kek, in zuba yashi in ɗora a kan gawayi. Da sanyi ya shigo sai na koma yi a ɗaki, ƙofa a rufe. Duk ranar da na yi gashi sai kaina ya yi ta sarawa, yaran ma haka. (Uwargida daga Funtuwa)

Wa'alaikumus salam. Hajiya, don Allah daga yau a fitar da kurfotin nan tsakar gida. Gawayi idan yana ci inda iska ba ta zagayawa, yana fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba a ganinta, kuma garwashin da ya yi jajir babu hayaƙi ma yana fitar da ita. Da an shaƙe ta sai ta kama gurbin oksijin a cikin jini, kuma riƙonta ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Ciwon kai ne farko, sai jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi. Mutanen ɗaki ɗaya su kamu lokaci guda, su ji sauƙi da sun fita waje, wannan babbar alama ce. Ita ce gubar da ke kashe iyali a daren da aka kwana da janareta a cikin gida, kuma yara da masu juna biyu ta fi saurin kayarwa.

Tukunya da yashi ba su da laifi. Ki yi gashinki a fili, ki tare iska da langalanga. In wani ya suma, a fito da shi waje a wuce asibiti, kada a ɗura masa madara ko manja, zai iya shaƙewa.

Likita, maigidana yana da hawan jini. Na daina sa gishiri a miya gaba ɗaya, sai dunƙule kawai, amma jinin ya ƙi sauka. (Wata baiwar Allah daga Gusau)

Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Gishirin bai bar tukunyarki ba. Kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne, kuma wanda ya cire gishiri yakan ƙara dunƙule don miya ta yi ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma lissafin ya haɗa da na burodi, yaji, tsire da indomi.

Sai kuma kanwa, wadda mutane ba sa lissafa ta. Sinadarin sodiyam da ke tayar da jini a cikin gishiri yana cikinta, haka ma cikin bakar hodar da ake sa wa kek da cincin. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka alaƙanta hakan da kunun kanwa da zafin wankan jego. 'Yar kaɗan a ɗanwake jefi-jefi ba ita nake tsoro ba. Wadda ake jefawa kullum a wake da miyar kuɓewa ita ce damuwata. Ki jiƙa wake tun dare, zai nuna ba tare da ita ba.

Ki rage dunƙulen sannu a hankali, ki ƙarfafa daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da attaruhu. Cikin 'yan makonni harshe yake sabawa. Kuma kada ya ajiye maganinsa, a ci gaba da awo.

Na soya cincin da fanken Sallah, mai ya rage da yawa. Sau nawa zan iya sake amfani da shi? (Amarya daga Maraɗi)

Na san tsadar mai, ba zan ce ki zubar ba. Duba man ya fi ƙirga suyar. In ya yi duhu, ya yi kauri, yana kumfa, yana hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba, ko warinsa ya canja, to ya lalace, kuma cinsa kullum yana cutar da jijiyoyin jini. Bayan kowace suya ki bari ya huce, ki tace, ki rufe, ki ajiye inda rana ba ta kaiwa. Kada ki zuba sabo a kan tsoho. Haka masu ƙona manja har ya yi fari: jan nan da suke kora shi ne abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare idon yara.

Yarana suna son lasar kwaɓin kek. Kuma kakarsu tana so in riƙa sa wa jaririna ɗan wata 7 zuma a kunu. (Uwa daga Kumasi)

Kwaɓi ɗanye ne: ƙwan ciki na iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zazzaɓi da gudawa, fulawar ma ba a dafa ta ba. Su jira a sauke. Zuma kuwa, a roƙi Kaka ta yi haƙuri sai ya cika shekara 1. Zuma takan ɗauki ƙwayar da hanjin jariri bai iya yaƙa ba, mai kashe masa jiki har ta taɓa numfashi, kuma dafawa ba ta kawar da ita.

Likita, ba ma samun wuta sosai. Shinkafar dare ta kwana, da safe iyalina ta ɗumama mana. Akwai matsala? (Magidanci daga Azare)

Malam, shinkafa ta fi sauran abinci rikici a nan. Akwai ƙwayar da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta daɗe a ajiye da ɗumi sai ta hayayyafa ta zuba guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Amai ne ke biyowa cikin awa 1 zuwa 6. Ƙa'ida ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, balle a zafin bazara, kuma firjin da ya kwana babu wuta bai cika sharaɗi ba. A auna shinkafar dare daidai bakin gida. Miya a tafasa ta sosai kafin a kwanta, a sake tafasawa da safe, kuma kada a ba jarirai da marasa lafiya abin da ya kwana.