Amsa ga ɗan'uwa mai tambaya kan gado da ma'ajiyar sirri a ƙaramin gida

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka: kuna zaune a Makka, wajen Shara Mansur, ɗaki da falo, da yara uku, kana son wurin da kai da iyalinka za ku riƙa ɓoye kayanku na sirri, kuma kana son maɗauri a jikin gado saboda wasan ɗaure hannu da ku biyu kuka yarda da shi, ba tare da ka kashe kuɗi da yawa ba, ba kuma tare da yaro ko baƙo ya gane komai ba. Ni kafinta ne a Jidda, na daɗe ina haɗa wa mutanenmu gadaje da kabad, kuma ba kai ne na farko da ya zo da wannan magana ba, sai dai yawanci a kunne ake raɗa mini ita bayan an gama cinikin gado.

Shawarata ita ce kada ka ƙera wani sabon abu daban. Duk abin da ka haɗa wanda ba gado ba, ba kujera ba, ba akwati ba, ranar da surukarka ta zo Umara ta sauka a gidanka sai ta tambayi mene ne. Gadon da kuke kwana a kai shi za ka ƙarfafa, shi zai ɗauki nauyi, shi zai zama ma'ajiya. Batun odar kaya daga waje kuwa ka cire shi a ranka. Kwastan na Saudiyya ba sa barin abin da suke ganin na batsa ne ya shigo, ana buɗe kunshi, kuma sunanka da lambar wayarka suna jikinsa. Mutumin da ke lallaɓa iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, bai kamata ya jawo wa kansa wannan ba. Abin da kake buƙata duka kayan gini ne da na ɗinki, babu wanda zai ɗaga kai ya kalle ka don ka saye su.

Kada ka taɓa bango, kada ka taɓa silin. Silin ɗin yawancin gidajen haya a nan jibs ne, wato fallen farar filasta, da aka rataye a kan siririn ƙarfe, an yi shi ne ya riƙe kansa da ƙwan fitila, ba mutum ba. Bangon kuma bulo ne mai rami a ciki, ƙugiyar da ka dasa za ta riƙe agogo, amma ana fizgarta sau biyu za ta fito da filasta. Ga kuma mai gida, ranar tashi zai zagaya da ido, duk hujin da ya gani sai ya cire kuɗin gyaransa.

Ga yadda nake haɗa gadon. Idan katifarku mai faɗin santimita 180 da tsawon 200 ce, ka yi akwati biyu, kowanne 90 da 200, tsayinsa 30, sai a jera su a ɗaure da noti. Dalilin raba shi biyu ka san shi. Tun da aka fara rusau a Jidda a ƙarshen 2021, aka kwashe unguwanni irin su Gulail da Petromin da Karantina, mutanenmu da yawa suka koma ƙananan gidaje masu tsada a saman bene, wasu sun sake tashi bayan shekara. Gado guda mai nauyi ba ya juyawa a matsattsen matakala, rabi-rabi kuwa mutum biyu za su sauke shi su ɗora a dabbab, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, kuma rabin da ke da ma'ajiyar yana tafiya a kulle.

Katakon da za ka saya filawud ne mai kaurin milimita 18. Falle ɗaya yana zuwa 122 da 244, kuma falle uku sun ishe ka idan aka yanka da lissafi. Daga falle na farko a fitar da murfi 90 da 200, ragowar da ta saura a gefe santimita 32 ce, ita za ta ba ka dogon gefe ɗaya, guntun ƙarshen kuma ya ba ka gefen kai. Falle na biyu haka. Na uku a tsaga shi gida huɗu, kowanne faɗin 30, biyu su zama sauran dogayen gefuna, biyun a datsa su zama gefen ƙafa da abin raba ciki. Ƙasan akwatin siririn falle ya isa. Ka je da wannan awo a rubuce, masu injin yanka za su yanka maka a wurin, kai da sukurudireba da gam ka haɗa a gida. Za a yi maka tayin MDF don ya fi araha kuma ya fi sulɓi. Ka ƙi. Garin katako ne da aka matse da gam, idan ya sha danshi sai ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, kuma noti ba ya zama a bakinsa. Ku a Makka danshinku bai kai namu na bakin teku ba, amma ruwan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da na goge-goge sun isa su lalata shi. Idan aljihu ba shi da nauyi, ka duba tsohon kabad na katako a manhajar Haraj, ko ka shigo Jidda kasuwar Sawarikh, a farke shi a yi amfani da jikinsa. Sabon kaya dai ka tuna akwai harajin kashi 15 da ake ɗorawa tun 2020.

Ma'ajiyar tana ɓangaren kai, a rabin da ke jikin bango. Ka yanke murfin wajen santimita 50 daga kai, ka sa masa hinji, ya zama sai an ɗaga katifa za a gan shi. Kada ka sa kwado. Kwado shi ne ke gaya wa yaro cewa akwai abu a nan, kuma yaro ɗan shekara tara ba zai huta ba sai ya gano inda mabuɗi yake. Akwai makullin maganaɗisu da ake sayarwa don hana jarirai buɗe kabad ɗin kicin, a ciki ake manna shi, daga waje ba a ganin komai, sai ka ɗora ɗan maganaɗisun a daidai wurin zai saki. Shi nake sa wa mutane. Sauran cikin gadon ku cika shi da bargo da kayan sanyi da tabarmar baƙi, ku bar yara su riƙa ganin ana buɗewa ana ɗauka, sai gadon ya fita daga ransu. Ka huda murfin wurare da dama don katifa ta sha iska. Uwargida kuma ta sani, haɗin da ke da zuma ko dabino ba a nan za ta ajiye shi ba, zafin Makka da kiyashi ba za su bar shi ba.

Maɗaurin hanya biyu ne. Mai sauƙi ba ta buƙatar huji ko ɗaya: ka sayi bel ɗin ɗaure kaya a mota, mai faɗin santimita 5, ka cire ƙarfen matsewar ka yar, tela ya ɗinke maka zoben ƙarfe a kowane baki, ka shimfiɗa shi a ƙarƙashin katifa daga gefe zuwa gefe. Nauyin katifa da na mutum ke riƙe shi, idan an gama a tura bakunan ciki. Ta biyu ita na fi so. Akwai hannun akwati na ƙarfe mai kwanciya, irin na manyan akwatunan kaya. Ka dasa huɗu a gefunan gadon, biyu kowane ɓangare, duk wanda ya gani zai ce na ɗaukar gado ne ranar tashi, kuma gaskiya ne suna wannan aikin. Amma kada ka ɗaure su da ƙananan sukurun da ke zuwa cikin ledarsu. Ka huda katakon ya fita, ka sa noti mai kaurin milimita 6 ko 8, da faffaɗar washa ta ciki, ka ƙara guntun filawud a bayan wurin. Kafin kowa ya dogara da shi, ka sa ƙafa a jikin gado ka ja da duk ƙarfinka.

Abin da zai taɓa jiki shi ya fi komai muhimmanci, Malam, don a nan ake jin ciwo. Yadi mai laushi mai faɗi, wanda aka ninka aka sa masa soso a ciki, a rufe shi da maɗaurin nan mai mannewa irin na takalmin yara, wanda ita da kanta za ta iya ɓarewa. Ban da siririyar igiya, ban da wayar wuta, ban da robar nan mai haƙora da ake ɗaure wayoyi da ita, ban da duk ƙullin da ke ƙara matsewa idan an ja. Gyale ma mutane na ganin ba shi da illa, alhali idan ya murɗe ƙullinsa ba ya kwancewa. Jijiyoyin wuyan hannu a sama-sama suke, matsi na ɗan lokaci yana iya barin yatsu da mutuwar jiki na makonni. Yatsu biyu su iya shiga tsakanin yadi da fata. Da ta ce hannu ya fara tsami ko ya yi sanyi, a kwance nan take. Wuya da baki da hanci ba a kusantarsu ko da wasa. Almakashi ya kasance a kusa da hannunka, kuma ba ka fita ɗakin ka bar ta a haka ko da yaro ne ya yi kuka a falo, ka kwance tukuna. Ku ajiye kalma ɗaya wadda idan aka faɗe ta an tsaya. Ka ce ta yarda, to yardar jiya ba ta wadatar da ta yau ba, kuma hadisin nan na babu cuta babu cutarwa bai tsaya a bakin ƙofar ɗaki ba.

Saura ƙara, wadda a ɗaki da falo ita ce ke tona asiri kafin komai. Gado yana kuka ne inda katako ke gogar katako. Ka yanka tsohon tub na taya ka sa tsakanin akwatunan biyu kafin ka ɗaure su, ka goga kyandir a bakin murfi, ka sa guntun kafet a ƙarƙashin kowace kusurwa, ka janye gadon daga bango kamar faɗin tafin hannu. Notunan a sake matse su bayan wata ɗaya, sabon katako yana zama. Ƙofar ɗaki ka sa mata ƙaramar sakata ta ciki, can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa don kada wata rana ya kulle kansa, kuma wannan huji ɗaya ka gaya wa mai gida kafin ka yi.