Ina ake danna murya a doguwar kalmar Turanci?

Tambaya: Malam, ina shirin jarrabawar WAEC. Da na ci karo da doguwar kalma irin responsibility sai harshena ya sarƙe. Ban san inda zan yanka ta ba, balle gaɓar da zan danna. Akwai dabara?

Amsa: Akwai, 'yata. Ki fara da ƙirga gaɓoɓi da kunne, domin rubutun Turanci yana yaudara. Kowace gaɓa sautin wasali ɗaya gare ta. Ki ɗora bayan hannunki a ƙarƙashin haɓa, ki furta kalmar a hankali, duk saukar haɓa gaɓa guda ce. Re-spon-si-bi-li-ty ta ba ki 6. Vegetable kuwa a ido 4 ce, a baki yawanci 3.

Daga nan ki dubi wutsiyar kalmar, wato ɗafa-ƙeya, don ita ce ke yawan nuna inda nauyi zai sauka. In kalma ta ƙare da -tion, -sion ko -ic, gaɓar da ke gabanta ake dannawa: e-du-CA-tion, de-CI-sion, e-co-NO-mic. In ta ƙare da -ity, -graphy ko -logy, ki ƙirga daga ƙarshe ki tsaya a ta 3: re-spon-si-BI-li-ty, bi-O-lo-gy. Su -eer da -ese kansu ake dannawa, kamar en-gi-NEER. Amma -ment, -ness da -ful ba sa taɓa komai: de-VE-lop, de-VE-lop-ment. Dubi saiwa ɗaya tana sauya wuri: PHO-to-graph, pho-TO-gra-phy, pho-to-GRA-phic. Akwai 'yan tawaye, irin su PO-li-tics da A-ra-bic, waɗannan sai hadda.

Abin da ya fi kayar da mu shi ne Hausa da karin sauti da tsawon wasali take aiki, muna ba kowane wasali haƙƙinsa cif. Turanci kuwa rage wa gaɓar da ba a danna ba ƙarfi yake yi, wasalinta ya koma ɗan gajeren sauti mai rauni. A photography, pho na farko kusan "fa" ce da aka haɗiye rabinta. Haka kuma Hausa ba ta jera baƙaƙe a farkon gaɓa, shi ya sa bread ya zama burodi. In kin kai wannan ɗabi'ar cikin Turanci, spon zai koma "sipon", gaɓoɓi 6 su zama 7, ƙirgen ya rushe.

A ƙamus, ɗan karan da ke sama kafin gaɓa shi ne babban nauyi, na ƙasa ƙarami. Ki duba, ki furta da ƙarfi sau 3 kafin ki rufe shafin.